Nguru: wa ya cinye garin ƙarshen dogo?

Kawu Ɗan Manga, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na dawo Kumasi shekaranjiya lafiya lau. Duk waɗanda suka kira suka yi mini gaisuwar gwaggona, Allah ya ba da lada, ya bar zumunci. Kwana tara na yi a Nguru, kuma akwai abin da na gano da ya ƙi fita daga raina.

Waɗanda suka san gidanmu sun san tsohona mutumin Nguru ne, goro ya kawo shi nan. Tun muna yara, in ya zauna bayan Isha'i ba shi da hira sai ta tashar jirgin garinsu. Yakan ce nan ne ƙarshen dogo, daga nan sai raƙumi. Buhunan gyaɗa an tula an lulluɓe da tanfol, warin ƙirgi ya cika iska, ga shanu ana kora su cikin tarago, ga Buzaye sun durƙusar da raƙuma suna sauke kanwa da mangul, ga Yarbawa da Ibo ma'aikatan reluwe a kwatas ɗinsu, ga Kwara 'yan Lebanon a kantuna. Ni dai a kaina Nguru ta fi kasuwar Kejetia cika.

Bayan sadakar uku na ce wa ɗan ƙanena ya goya ni a babur ya kai ni tasha. Ginin na nan. Dogo na nan, sai dai a wasu wurare rairayi ya hau kansa, awaki na kwance a inuwa. Na tsaya daidai inda ƙarfen ya ƙare na daɗe ina kallo. Har na baro garin ban ji kukan jirgi ba ko sau ɗaya. Shi ne nake tambayar masana a cikinmu: me ya ci wannan gari?

Hajiya Mai Atamfa, Alabar:
Wa alaikumus salam Kawu, barka da hanya. Allah ya ji ƙan Gwaggo. Amma ka ba ni dariya. Ka ƙetare ƙasa uku don ka ga mataccen layin dogo, alhali ga namu a Adum? Ni a kan dogo na fara kasa kaya ina budurwa, tsakanin ƙarfe da ƙarfe muke shimfiɗa buhu. Je ka Akwatia Line ka ga yadda aka yi gidajen katako har bisa layi.

Kawu Ɗan Manga, Aboabo:
Haka ne Hajiya, amma jirgi ya daina zuwa Kumasi, Kumasi ba ta ko yi tari ba. Can kuwa da jirgin aka san garin.

Malam na Sawaba:
Allah ya gafarta wa mamaciya. Alhaji, zan ɗan yi maka gyara, ka yi haƙuri. Ba da jirgi aka san Nguru ba. Ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya shimfiɗa ƙarfe, a wannan yankin Galadiman Borno yake zaune, shi ke riƙe wa Mai, sarkin Borno, yammacin daula, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Masu tarihi ma suna kawo labarin karon da Kanta na Kabi ya yi da rundunar Borno a Nguru. Ka ga ke nan tun asali wuri ne na kan iyaka: Mangawa da Badawa a gida, Hausawa daga yamma, Fulani da dabbobinsu, mutanen hamada daga arewa. Bature bai ƙirƙiri mahaɗar ba, tarar da ita ya yi ya ɗora mata dogo.

Kuma kada a manta da ilimi. Mu nan Zango da yawanmu ba ta hanyar gyaɗa muka fara jin sunan Nguru ba, ta bakin malamanmu muka ji, saboda Shehu Gibrima, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Ibrahim Inyass. Har yau akwai masu zuwa ziyara zawiyarsa, kuma ba jirgi ke kai su ba.

Jikan Madugu, Asawase:
Allah gafarta Malam, na yarda da tarihin, amma a ba jirgi haƙƙinsa. Dogo ya iso Kano a 1911. Reshen Zariya zuwa Kauran Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru kuma a wajajen 1930, tafiyar kusan kilomita 230, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Duka rassan biyu manufarsu ɗaya: a kai ƙarfe har bakin sahel a kwaso gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga a kai Legas. Ba don a sada zumunci aka yi su ba, shi ya sa kowanne ya je ya tsaya cak a daji kamar an datse shi da wuƙa.

Abin lura shi ne, daga 1930 har 1964 da layin Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri, Nguru ce kaɗai tashar jirgi a duk lardin Borno. Shekara talatin da huɗu ba kishiya. Mai ƙaro daga Gaidam, mai shanu daga Gashuwa, mai kanwa daga ƙasar Manga ta Nijar, in yana son kayansa su hau ƙarfe ba tare da ya yi doguwar tafiya Kano ko Jos ba, dole ya zo nan. Galadima ya ba garin suna, amma kuɗin da mahaifin Kawu ya gani kuɗin tasha ne.

Ɗan Fulanin Mayanka:
To Kawu, ai ku Barebari da ma bayinmu ne, shanunmu ne suka riƙe muku garin. Da muka ɗauke ƙafa sai ga shi kana kuka a waya.

Kawu Ɗan Manga, Aboabo:
Ji ɗan Fulani! Wanda in ya ga jirgi yake jefar da sanda ya ruga daji. Zo ka karɓi goronka na tsaraba kafin in fasa.

Ɗan Fulanin Mayanka:
Ina nan tafe bayan La'asar. Amma ban da wasa, maganar shanu ita ce babba. Saniyar da aka koro a ƙafa daga bakin hamada zuwa kudu sai ta ratsa ƙasar tsando, ta isa a rame, wasu su mutu a hanya. Tsofaffinmu nan Mayanka sun san wannan wahala, don su haka suka yi ta koro garke daga ƙasar Mosi, su bi Tamale, su ƙetare ruwa a Yeji, su gangaro ta Ejura. Mu ba mu taɓa samun dogo a arewa ba. Mutanen Nguru kuwa tarago suke lodawa, 'yan kwanaki dabba ta sauka kudu da kitsenta. Wadda ba za ta jure tafiya ba a yanka a yi banda, a aika wa Yarbawa, su suna ce masa kundi. Daga baya har mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi aka gina a garin. Wannan duk albarkar ƙarfe ce.

Yaya Injiniya, Tek:
Ni amsata ga tambayar Kawu gajeriya ce: mota. Duk garin da ke ƙarshen dogo, abincinsa yana wurin sauke kaya da ɗora kaya ne. Raƙumi ya kawo, a sauke, a auna a sikeli, akawu ya rubuta, a zuba a sito, lebura ya ɗauka ya sa a tarago. Kowane hannu da kayan nan suka bi akwai mai ci: dillali, fatoma, mai awo, mai ɗinkin buhu, mai tuwo-tuwo a bakin tasha, har almajirin da ke tsintar gyaɗar da ta zube. Ranar da aka yi kwalta, tirela ta shiga har kasuwar ƙauye ta yi lodi ta miƙe Legas ba tsayawa, duk waɗannan hannuwan sun tashi a tutar babu. Kayan ba su daina fita daga yankin ba. Daina kwana a Nguru suka yi.

Baba Tsohon Direba, Sabon Zango:
Ɗana Injiniya, ka ɗora mana laifi mu direbobi, to bari in kare kaina. Shekara ashirin da bakwai ina jan babbar mota, na yi Najeriya na yi Nijar na yi Burkina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan kasuwa ba mahaukaci ba ne da zai bar jirgi mai arha ya biya mu da tsada, sai da ya ga shanunsa na kwana uku a tasha ana jiran kan jirgi, ba ruwa ba ciyawa. Mu kuwa in mun ce gobe da asuba, gobe da asuba ne. Jirgin ne ya fara gazawa, mu muka tarar da kaya a ƙasa muka ɗauka. Har Indiyawa aka ɗauko a 1979 su riƙe reluwen Najeriya na 'yan shekaru, abin ya ɗan farfaɗo, da suka tafi ya koma gidan jiya.

Yaya Injiniya, Tek:
Ranka ya daɗe Baba, ban musa ba. Layin ma siriri ne, ƙafa 3 da inci 6, irin namu na Sekondi da Ankara, ga tsufa, ba ya ɗaukar gudu. Amma gwamnatin da ke da kuɗin mai ta zaɓi ta zuba a titi ta bar ƙarfe ya yi tsatsa. Ko ta ina aka biyo, mota ce ta ci gadon.

Inna Bahaɗejiya, Yalwa:
Ku duka kuna ta maganar abin da ke ɗaukar kaya, ba wanda ya tambayi ina kayan suka tafi. Ni a ƙasar Haɗeja aka haife ni, aure ya kawo ni Kumasi. Ina yarinya aka yi farin nan na 1973, na ga shanu a zube a bakin hanya. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga kuturtar gyaɗa a 1975, darɓa ta bi gonaki, ganye ya murtuke, mahaifina ya shuka bai ɗauki ko irin da ya zuba ba. Daga shekarar nan mutanenmu da yawa suka koma gero da wake, abin da za a sa a baki. Dalar gyaɗa ta Kano ma a wannan tsakanin ta ɓace. To ko da jirgin zinariya ne, me zai ɗauka? Tarago ba ya cin iska.

Jikan Madugu, Asawase:
Inna ta taɓo inda ke ciwo. Kuma ga farashi. Hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka wa manomi kuɗin gyaɗarsa, ƙasa da abin da ake samu a kasuwar duniya, har aka rushe waɗannan hukumomi a 1986. Manomi ya ga wahala tasa, riba ta wani.

Bazazzagin Kejetia:
Ni Kanawa nake tuhuma, su suka tare ruwan mutane.

Inna Bahaɗejiya, Yalwa:
Kai da wasa kake yi, amma ka faɗi gaskiya. Nguru ba kamar sauran garuruwan bakin hamada ba ce. Arewa da ita rairayi ne, in ka nufi Machina da Yusufari har tuddan yashi za ka gani. Amma kudu da ita fadama ce shimfiɗe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa in damina ta yi. Da wannan ambaliyar ake noman shinkafa, in ruwa ya ja a bi danshi a shuka wake, masunta su kama tarwaɗa da karfasa, Fulani su sauko da rani. Sai aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992. Ruwan da ya saba zuwa da ƙarfi sau ɗaya a shekara ya tafi, sai ya koma yana tsiyaya kaɗan-kaɗan rani da damina. Wannan shi kachalla take so. Ciyawa ce doguwa, ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe ƙayau, wani wuri ruwa ya kwanta a gonar mutum shekara da shekaru. Ga jan-baki sun samu gidan kwana a cikinta, su fito da safe su share gero. Ƙanena da ke can ya ce da jirgi da kachalla, in za a ba shi zaɓi, a cire masa kachalla a riƙe jirgin.

Kawu Ɗan Manga, Aboabo:
Wallahi Inna na gan ta da idona a hanyar shiga gari, kore shar har iyakar gani. Na ɗauka albarka ce, sai direba ya ce mini Alhaji wannan masifa ce.

'Yar Jami'a, Ayigya:
Salam iyayena. Ƙarin bayani kan maganar Inna: tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, kimanin hekta dubu 58. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a can. Amma Kawu, ni ban yarda da kalmar "cinye" ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Nguru mutum dubu 150 da 'yan kai. Akwai babban asibitin gwamnatin tarayya, akwai masarauta, akwai kasuwa. Wannan ba kufai ba ne. Anya ba hirar Kaka ce ta mutu ba, garin kuwa yana nan da ransa?

Kawu Ɗan Manga, Aboabo:
'Yata, kin harbe ni a inda ban zata ba. Gaskiya ne garin cike yake da mutane, ranar kasuwa da ƙyar babur ke wucewa, ga kifi banda kwali-kwali, ga raƙuma har yanzu ana kawowa. Amma ki bari in gaya miki bambancin. A zamanin tsohona, baƙo ne ke zuwa Nguru neman arziki. A gidan rasuwar nan na zauna da samarin danginmu goma sha, kowanne lissafin fita yake: wannan Kano, wannan Abuja, wannan Legas, ɗaya har tambayata yake yaya aikin galamsi, wato haƙar zinariya ta bayan fage, a Gana. Da aka ƙirƙiro jihar Yobe a 1991 kuma Damaturu aka kai hedikwata, ma'aikata da kwangila suka bi can. Yawan kai daban, a zo wurinka daban.

Malam na Sawaba:
Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ku da kuke jimamin Nguru, kun manta jirgin ƙasa ma ya yi wa wani gari irin wannan, kuma garin kakanninmu ne? Salaga nake nufi. Nan ne ayarin Kano da Borno da Sakkwato ke sauka su sayi goron Asante, ita ce Gwanjan da ake faɗa. Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, igiyar da ta ɗaure goro da Salaga ta tsinke. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, wasu Kete-Krachi, wasu Kintampo, wasu Yeji. Amma abin da ya hana ta sake tashi shi ne dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, na Ankara ya haɗe a 1923. Goro ya juya baya ga arewa, ya gangara teku, ya hau jirgin ruwa zuwa Legas, ya hau na ƙasa zuwa Kano. Tafiyar da jaki ke yi wata uku ta koma 'yan makonni. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, mahaifiyarsa ta zauna a Ankara, yana cikin na farko da suka bi da goro ta wannan hanya ta ruwa, kafin ya koma Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa. Unguwannin nan da muke zaune a ciki, cikarsu daga wannan juyin take.

Jikan Madugu, Asawase:
Allahu akbar. Wato goron da mahaifin Kawu yake ɗaurewa a huhu nan Kumasi, ƙarshensa a tashar Nguru ake sauke wani, raƙumi ya ƙarasa da shi hamada. Kakana madugu ne, kuma har ya rasu ba ya son jin kukan jirgi. Yakan ce shi ya mayar da madugai 'yan rakiya.

Hajiya Mai Atamfa, Alabar:
To ashe kowa da wanda ya kashe masa kasuwa. Mu yanzu masu sayarwa a waya ne suka sa mu gaba.

Badamagare, Asokore Mampong:
A bar ni in sa baki daga ɓangaren Nijar. Gyaɗar Damagaram da yawa ta Najeriya take fita a da, don ita ce hanya mafi kusa da teku. Faransa ba ta so haka ba, shi ya sa daga 1953 ta tsiro da shirin kwasar kaya a mota zuwa Parakou, a ɗora a jirgin Kwatano. Yanzu kuma ga sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In ya kammala, kayan Nijar ta can za su bi. Ban ga Nguru a wannan lissafi ba.

Yaya Injiniya, Tek:
Shi ya sa nake cewa ko an gyara tsohon layin gobe, ba za a koma zamanin da ba. An sake buɗe Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, an yi murna, amma tirela ba ta rasa lodi ba. Jirgi yana riba ne da kaya mai nauyi mai yawa da ke tafiya wuri ɗaya, irin manganis ɗin Nsuta zuwa Takoradi. Kwalin kifi hamsin da buhun riɗi ɗari ba za su riƙe layi ba.

Ɗan Fulanin Mayanka:
Shanu fa? An taɓa gwada lodinsu daga Gusau zuwa Legas a jirgi a 2016.

Yaya Injiniya, Tek:
An gwada. Ka tambayi 'yan uwanka a me suke lodi yau.

Baba Tsohon Direba, Sabon Zango:
Mu nan tun zamanin Gwamna Guggisberg ake cewa za a kai dogo arewa. Kakana ya ji, ubana ya ji, ni ma ga furfura ina ji. Na Tema zuwa Mpakadan dai an buɗe a 2024, kilomita 97, an ce wata rana zai kai Burkina. In ya kai Paga, bakin iyakar Burkina, ina raye, ni zan fara sayen tikiti, ko da a kujerar guragu za a tura ni.

'Yar Jami'a, Ayigya:
Kawu, ka ɗauko hoton tashar? Ina so in nuna wa Mama, ta ce ita ma tun tana yarinya take jin labarin.

Kawu Ɗan Manga, Aboabo:
Na ɗauka guda huɗu, zan turo in yaron nan ya dawo ya cire mini su, wayar ta fi ƙarfina. Akwai ɗaya da na tsaya a ƙarshen ƙarfen, wani dattijo mai sayar da rake a wurin ya ɗauke ni. Da na gaya masa sunan tsohona da unguwarsu sai ya ce bai san shi ba, amma ya san gidan, ƙofarsu na kallon inda ake auna ƙaro a da. Ya ƙi karɓar kuɗin raken.

Hajiya Mai Atamfa, Alabar:
Allah sarki. To Kawu, kifin fa? Kada ka ce mana duk wannan labarin banda ka dawo hannu rabbana.

Kawu Ɗan Manga, Aboabo:
Kwali ɗaya na riƙo Hajiya, kuma ya sha hanya: Nguru zuwa Kano a ƙaramar mota, Kano zuwa Legas a doguwar bas, sannan Seme, Hilakonji, Aflao, kowace iyaka sai an buɗe an shinshina. Kwana huɗu. Rabi ya farfashe, amma na miya bai ɓaci ba. Ki aiko yarinya da roba kafin ɗan Fulanin nan ya iso.